Daga Kankare Citta zuwa Tsintar Zoɓo: Inda Kuɗin Ƙasar Gumel Yake Zubewa

Citta ba ta fitowa a ƙasar Gumel. Tsiro ce mai son ruwa da ƙasa mai taushi wadda ta sha taki da ruɓaɓɓen ganye, tana buƙatar ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, kuma sai ta kwashe wata 8 ko 9 a kwance cikin ƙasa kafin ta ƙosa. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa, ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu a masarautar Gumel, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwanta bai kai rabin abin da citta ke nema ba, ƙasar kuma rairayi ce da ke shanye ruwa tun kafin hadari ya gama washewa. Duk da haka da wuya rana ta fito ta faɗi a wani gida na yankin ba a taɓa citta ba. Tana cikin tukunyar mai shayi, tana cikin fura da kunun zaki da zoɓon da ake ƙullawa a leda, tana cikin yajin tsire da yajin mai jego. Baƙuwa ce da ta daɗe har aka daina tambayar garinsu.

Garinsu kuwa kudancin jihar Kaduna ne: Kachiya, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Katab, inda aka fara noma ta don kasuwa tun wajejen 1927. Iri biyu aka fi sani, kuma sunayensu sun isa bayani: Tafin Giwa, mai kauri da ciki ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri, siririya mai ɗan duhu da kaifin yaji. Albarkacin wannan yanki Najeriya ta shiga sahun gaba na ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, sahun da Indiya ke jagoranta. Daga can take hawa mota ta biyo Kaduna da Zariya ta sauka Kano, daga Kano 'yan kasuwa su raba ta: wata ta nufi tashar jirgin ruwa a Legas, wata ta bi hanyar Gumel ta kai kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, wata ma ta tsallaka iyaka zuwa jihar Damagaram.

Dalilin ɗauko maganar citta a ƙasar da ba a noma ta shi ne, babu amfanin gonar da ke bayyana wata gaskiya ta kasuwanci ƙarara kamar ita. Darajar kaya ana yanke ta ne a 'yan kwanakin da ke tsakanin girbi da zubawa a buhu, a hannun mai wankewa da mai kankarewa da mai shanya. Su ne kuma waɗanda ake ba lada mafi ƙanƙanta, a kan tsarin da ke koya musu gaggawa ya hana su tsanaki. Wannan ciwon shi ne ke damun zoɓo da riɗi, kayan da ƙasar Gumel take nomawa da kanta, take kuma sayarwa har bangon duniya.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Wanda ya taɓa ganin an zube buhun ɗanyar citta a tsakar gida ya san wahalarta daga siffarta take farawa. Doya da dankali suna da jiki ɗaya miƙaƙƙe, wuƙa na bin su babu gardama. Citta kuwa hannu ce mai yatsu, kowane yatsa na da nasa 'ya'ya, a kowace mahaɗa kuma akwai lungun da jar ƙasar Kachiya ta shige ta bushe. Duk wankin da za a yi mata ba tare da an fara ɓalle yatsun ba, wankin gaban dogari ne: waje fes, lungu na nan da lakarsa. Saboda haka masu aikin da suka ƙware sukan karya ta a gaɓoɓi, su jiƙa ta na ɗan lokaci ƙasar ta saki, su cuɗe ta da soso ko buroshi, sannan su ɗauraye a wani ruwan daban.

Ruwan nan na daban shi ne wurin da ake fara yin rowa. A Gumel ko Sule Tankarkar, matar da ke yin zoɓo na sayarwa sau da yawa sayen ruwa take yi wurin mai garuwa, ko ta aiki yara su bi layi a famfon burtsatse. Kowace ɗauraya kuɗi ce ko lokaci. Sai a ga baho ɗaya ya wanke kashin farko da na biyu da na uku, har ruwan ya koma kamar kunun kanwa, abin da aka wanke daga wancan ya koma jikin wannan. Da yake yawancin masu zoɓo da kunu markaɗa ɗanyar cittar suke yi, wasu kuma bayan an sauke tukunya suke zuba ta don kada ƙamshin ya gudu, babu wutar da za ta gyara abin da ruwa ya bari.

Sai maganar fatar kanta, inda kuskuren da ya fi yawa yake. Man da ke ba citta ƙamshi yana ko'ina a jikinta, amma ya fi taruwa dab da ƙarƙashin fata. Mai fere ta da wuƙa kamar yadda ake fere doya yana zubar da nama, yana kuma zubar da sashen da ya fi ƙamshi. Abin da ya tafi juji ya fi wanda ya shiga tukunya daɗin hanci. Shi ya sa gefen cokali ya fi wuƙa, domin yana ɗauke fatar kaɗai, yana kuma shiga lungu. Ƙasashen da suka yi suna a wannan sana'a sun daɗe da gane haka. A jihar Kerala ta Indiya, inda cittar Kochin ta samo sunanta, da tsinken gora mai kaifi ake kankare ta, don gudun raunin da ƙarfe ke yi mata. A Jamaika, wadda cittarta ta daɗe tana zama ma'aunin inganci a kasuwannin Ingila, akwai siririyar wuƙa ta musamman da ake bin tsakanin yatsu da ita, a wanke sau da yawa, a shanya a tsanake ana juyawa. Abin da ya ɗaga farashin cittar Jamaika sama da sauran, rabinsa ƙasa da iri ne, rabinsa haƙurin masu kankarewa.

Fata kuma riga ce. Ɗanyar citta da rigarta takan yi makonni a inuwa inda iska ke shiga. Da an tuɓe ta, kwanakinta sun zama ƙidayayyu, balle a zafin watan Afrilu na Gumel da ke haura maki 40. Takan fara yauƙi, ta canza launi, tsami ya shiga. Mai aikin da ta kankare buhu guda da safe don ta huta gobe da jibi, ta yi wa kanta asara da hannunta. A gaskiya ma yawancin kankarar da ake yi a gidajen sana'a ba ta da wani amfani. Cittar da za a markaɗa a tace ta a rariya ko ƙyalle, wanki mai kyau kawai take buƙata, fatar za ta tsaya a tuƙa. Kankarewa na da muhalli inda ake son gari fari tas ko cittar da za a tauna. An dai saba ne, ana ganin barin fata ƙazanta ne, alhali ƙazantar tana cikin bahon da ba a sauya ba.

Masu fitar da citta waje sun riga sun yi wannan lissafin. Mafi yawan wadda Najeriya ke sayarwa ƙetare ba a kankare ta. Wankewa ake yi, a tsaga ta biyu a tsaye, a shanya. Masu sayenta, musamman kamfanonin da ke tatsar mai da sinadarin yaji, sun fi son ta da fatarta. Tsagawar kuma don ta yi saurin bushewa ne, domin kusan kashi 80 cikin 100 na ɗanyar citta ruwa ne: sai an shanya buhu wajen biyar kafin a sami nauyin buhu ɗaya busasshe, kuma kasuwar duniya ba ta son danshin da ya wuce kashi 12 cikin 100.

A nan ne hatsarin da ya fi na laka yake ɓoye. Cittar da aka baza a ƙasa ko a gefen kwalta, raɓa ta sauka mata da dare, ko aka kwashe ta cikinta bai gama bushewa ba aka cusa a buhu, gida ce ga fumfuna. Wani nau'in fumfunar yana fitar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda duniya ta fara sani bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa a kilo ɗaya na citta kada jimillar wannan dafi ta wuce mikirogiram 10, adadin da ido da hanci ba su isa su gane ba. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma likitoci sun tabbatar yana jawo sankarar hanta, hatsarin na ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa. Bature yana da ɗakin gwaji a bakin tashar jirgin ruwa. Mai shayi a tashar motar Gumel ba shi da komai sai idonsa, kuma kayan da ɗan kasuwa ya san ba za su tsallake gwaji ba, ya san kasuwar da za ta karɓe su ba tambaya, musamman in an riga an niƙa su sun zama gari.

Shekarar 2023 ta ƙara wa abin nauyi. Wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da ita tun a cikin ƙasa, gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar manoma da sama da naira biliyan 12. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har masu shayi da masu zoɓo a garuruwan da ba su taɓa ganin ganyen citta ba suka ji a jikinsu. Idan kaya ya yi ƙaranci, tsintar da aka saba yi sai ta yi sako-sako: guntun da a da ake jefarwa, yanzu a yanke ruɓaɓɓen gefe a sayar da sauran.

Wata dabara da ya kamata a bari

Akwai wani tunani mai daɗin ji da kan faɗo wa duk wanda ya dubi taswira. Ga iskar hunturu busasshiya a arewacin Jigawa, ga rana ba gajimare, ga yankin ciniki maras haraji da aka kafa a Maigatari tun zamanin gwamna Saminu Turaki. Me zai hana a riƙa kwaso ɗanyar citta daga Kachiya a wanke ta a shanya ta a nan? Lissafin mota ne zai hana. Tsakanin Kachiya da Gumel akwai kusan kilomita 500, kuma a cikin kowane buhu biyar da za a yi wa kuɗin dako, nauyin huɗu ruwa ne da za a zo a miƙa wa rana kyauta. Bayan an busar kuma sai a sake juya kayan kudu zuwa teku. Hunturu yana isa Kachiya da Kwoi a daidai lokacin tonon citta, abin da suka rasa daɓen shanya ne da ruwa mai tsabta, kuma a can ya dace a gina su. Dogaro da kasuwar tsallaken iyaka ma ba tudun dafawa ba ne. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, Maigatari ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Abin da ƙasar Gumel za ta ɗauka daga citta darasi ne, ta kai shi kan kayanta.

Kayanta kuwa zoɓo ne da riɗi. Yakuwa tsiro ce da aka yi domin irin wannan ƙasa: tana jure ƙarancin ruwa, ba ta raina rairayi, manoma sukan jera ta a kan iyakar gona ko su sirka ta da gero da dawa. Ganyenta ya shiga miya, 'ya'yanta, wato gurguzu, su zama daddawa, jan kofaton da ke lulluɓe da 'ya'yan kuma shi ne zoɓon da ake nema a ƙetare. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, kasuwar Maigatari kuma na cikin manyan wuraren da ake tara shi, har da wanda ke shigowa daga Nijar. Babbar mai sayensa ita ce Meziko, inda ake yin wani jan abin sha da shi, ɗan'uwan zoɓon gida, da suke kira ruwan jamaika.

Aikin zoɓo da na citta 'yan uwa ne na jini. Bayan an yanko shi da kaka, sai an raba kofaton da ƙwallon 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da hannu, ƙaiƙayinsa na cin yatsu kamar yadda yajin citta ke ƙona tafin mai kankara. Sai shanya, sai sheƙa, sai tsintar kara da tsakuwa da zaren buhu da gashin kaza. Mata da 'yan mata ne ke yin kusan duk wannan, wasu a gidajensu a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu a rumbunan 'yan kasuwa a Maigatari da Kano. Furen da ya fito cikakke bai farfashe ba, ja wur ba ƙura, yana da farashinsa a wurin mai saye na waje. Wanda aka tattake ya zama ɓarɓashi yana da nasa, can ƙasa.

A 2017 hukumomin Meziko suka ga wani ƙwaro mai suna kafura a cikin zoɓon da ya fito daga Najeriya, suka dakatar da saye. Ƙwaron ɗan mitsitsi ne, amma ƙasashen da ba su da shi suna tsoronsa fiye da yawancin ƙwarin rumbu, domin tsutsarsa takan laɓe a tsagar bango ko saƙar tsohon buhu ta yi watanni ba ci ba sha, ta farfaɗo in ta ji hatsi. Abin takaici shi ne yanayin da ya fi so shi ne zafi da bushewa, wato daidai abin da ya sa ƙasar Gumel ta dace da shanya. Zoɓo ba shi ne abincin da ya fi ƙauna ba. Hanyarsa ta shiga ita ce buhun da ya taɓa ɗaukar gero ko gyaɗa, da ɗakin ajiyar da ba a share ba tsakanin kaya da kaya. Shekaru aka kwashe ana tattaunawa tsakanin hukumar killace amfanin gona ta Najeriya da takwararta ta Meziko kafin ƙofa ta sake buɗewa, bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da iskar magani a rufaffen ɗaki kafin a loda. A tsawon shekarun nan manomin da bai taɓa jin sunan ƙwaron ba shi ya sayar da zoɓonsa a araha.

Ba kuma karon farko ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, riɗin Najeriya kuma yana cikin jerin kayan da Turai ke yi wa ƙarin bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda hanyarta kashin tsuntsaye da na dabbobi ne a wurin shanya da sheƙa. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, inda iskar hunturu ke kwasar ƙurar kara ta watsa ko'ina, ya fi kowa dalilin ɗaga shanyarsa daga ƙasa. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. A cinikin ƙetare kwantena ɗaya ke rufe wa ƙasa guda kasuwa.

Yadda ake biya

Idan maganar ta taso, abin da aka saba ji daga bakin jami'ai shi ne a wayar da kan manoma da mata. Maganar na da raini a cikinta. Matar da ta shekara goma tana tsintar zoɓo ta fi duk wani mai jawabi sanin bambancin mai tsabta da mai datti. Tsarin biya ne yake gaya mata wanda za ta zaɓa. Ladanta a kan yawan abin da ta gama yake, buhu ko kwano ko tari. A ƙaddara mata biyu sun zauna kan tabarma ɗaya: ɗaya ta bi a hankali ta gama buhu ɗaya fes, ɗayar ta yi sama-sama ta gama biyu. Da yamma ta biyun za ta koma gida da ninkin kuɗin ta farkon, kuma ba za a yi mako guda ba ta farkon ta koyi darasi. Haka yake ga mai kankare citta da ake biya a kan baho: wuƙa ta fi cokali sauri, asarar nama kuwa ta mai kaya ce.

Manomi ma haka. Muddin sikeli kaɗai ne alƙali, kuma farashi ɗaya ne ga mai tsabta da mai ƙasa, to wanda ya sheƙe zoɓonsa ya busar da shi ƙayau ya rage wa kansa nauyi ne kawai, maƙwabcinsa da ya kawo nasa da ɗan danshi da rairayi ya fi shi riba. Daga nan zuwa algus na ganganci taki ɗaya ne. Dillali kuma yakan juye kayan mutum goma wuri ɗaya, mai kyau da maras kyau su cakuɗe, ta yadda ko mai fitarwa ya so ya saka wa wanda ya kyauta, ba zai san ko wane ne ba. Shi sai ya kare kansa ta hanyar rage farashi ga kowa, ya ware wani abu don sake tacewa a Kano. Bambancin da ke tsakanin farashin kaya mai datti da na tsabtatacce yana nan, ana kuma cin sa, sai dai a wani gari ake ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yankin ya taɓa sanin wani tsari daban. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya ratsa ta Gagarawa, har yau akwai Gagarawa Tasha, kuma gyaɗa ce ta cika taragunsa. A wancan zamani akwai ma'aikatan duba amfanin gona da ke soka buhu su ɗebi samfur, su ba kaya daraja kafin a karɓa. Babu dalilin yi wa hukumomin sayen amfanin gona na lokacin kuka, domin sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna gina birane da ragowar. Amma da aka rushe su a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, an zubar da ruwan wanka har da jariri: danniyar farashi ta tafi, tantance daraja a matakin ƙauye ma ta bi ta, ba a kuma kafa wani abu mai ƙarfi a gurbinta ba.

Abin da ake ginawa yanzu yawanci a ƙarshen hanya yake: ɗakunan turara, injinan tace riɗi, manyan rumbuna. Ana buƙatarsu, kuma gara a gina su a Maigatari da a ci gaba da kai komai Kano. Sai dai turara ƙwaro kawai take kashewa. Ba ta cire dafin fumfunar da ya riga ya shiga, ba ta mayar da furen da ya farfashe, ba ta dawo da launin da ƙura da danshi suka cinye. Inji kuma gwani ne a kan riɗi, wanda ƙwayoyinsa girmansu ɗaya ne, ana iya raba su da tsakuwa ta nauyi da launi. Zoɓo mai sauƙin karyewa da citta mai lunguna har yanzu suna neman ido da yatsa. Ko injinan wanke citta masu buroshi da feshin ruwa da ake amfani da su a Sin, mutane ne ke tsaye a ƙarshensu suna bin abin da suka tsallake. Wato hannun matan nan zai daɗe a cikin sana'ar, tambayar kawai ita ce a kan wane sharaɗi.

Wasu za su ce aikin da ya warwatsu cikin ɗaruruwan gidaje ba ya sa-iduwa, gara a tattara matan a rumbu ɗaya ƙarƙashin mai duba su. Ga waɗanda za su iya fita, hakan ya yi. Amma da yawa daga cikin masu aikin matan aure ne da ba sa fita, sana'ar kuma ta same su ne don tana shiga gida. Raba su da ita da sunan inganci zai zama zalunci na biyu a kan na farko. Abin da ke ɓata kaya a gida sananne ne kuma maganinsa mai arha ne: tamfol ko gadon shanya da kaza da akuya ba za su hau ba, sabon buhu da mai kaya zai bayar maimakon tsohon da aka aro daga rumbun gero, da alama a jikin kowane buhu da za ta nuna hannun da ya fito. Da zarar an san hannun, ana iya biyan sa gwargwadon aikinsa.

Wuyar ita ce ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya farawa shi kaɗai ba. In ya ƙara kuɗi a kan mai tsabta, ya ƙi mai datti, maƙwabcinsa zai kwashe abin da ya ƙi, ya cika motarsa kafin shi. Dole ƙa'idar ta hau kan kowa a rana ɗaya, kuma a kasuwa irin ta Maigatari akwai masu ikon yin haka: ƙungiyoyin 'yan zoɓo da 'yan riɗi, sarkin kasuwa, ƙaramar hukuma da ke karɓar haraji a kan kowace mota, da masarautar da har yanzu maganarta ke da nauyi a wurin dagatai da masu unguwanni. Abin da za su amince a kai bai wuce daraja biyu ko uku ba, kowace da farashinta a bayyane, da mai tantancewa wanda ba ya cin la'ada daga mai saye ko mai sayarwa, a zaune kusa da sikeli da rariya da na'urar auna danshi. Na'urar nan ta hannu ce, batir take ci, kuɗinta kuma bai kai na bijimi ɗaya daga cikin waɗanda ake lodawa a karar Maigatari kowace Alhamis ba.